Maƙwabcina na Tsallaken Titi a Abijan

Na sha wuya a Abijan. Wuya ce zalla, ba zan yi mata kwalliya ba. Kuma ba yunwa ce ta fi cina ba, don yunwa na san ta tun a gida. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne zama a tsakiyar garin da ya fi duk inda na taɓa gani cikar mutane, amma in wuni in kwana babu wanda ya ce mini ina gajiya.

Sunana Lawal. Ɗan Limancin Kona ne ni, cikin birnin Zariya, kuma ɗinkin hannu na gada, na babbar riga. Boko ban wuce firamare ba, saboda haka wanda ya ga zancen nan ya karkace ya yi haƙuri. Inji ne ya kashe mana kasuwa. Rigar da zan yi wata da watanni ina tsiyayar da idona a kanta, inji zai zuba irinta kafin la'asar. Shi ya sa da wani Alhaji Bala, mai zuwa sarin riguna wajenmu, ya ce manyan Abijan har gobe aikin hannu suke so, in zo zai ba ni gefen shagonsa, ban tsaya dogon tunani ba. Na haɗa rigunan da na fi ji da su a jaka ɗaya na kama hanya.

Hanyar ba ta da wani labari sai gajiya. Kwatano, Lome, Akara. Kowace boda a sauke mu, a zazzage jaka, a ɗaga rigunan nan ana juya su kamar sato su na yi. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da muka wuce bodar ƙarshe sai na cusa fasfo ɗina a aljihun jakar, na ce ai an gama da shi.

A tashar Ajame, cikin Abijan, Alhaji Bala ya tarye ni. Ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya saya mini shayi da burodi. Sannan ya ce, "Malam Lawal, kawo jakar in kai shago. Kai ka yi salla ka miƙe ƙafa, yanzun nan zan dawo in ɗauke ka." Na taya shi sa ta a tasi da hannuna.

Ban tsine masa a ranar ba, don ban yarda ya gudu ba. Na yi ta ba shi uzuri, na ce cunkoson motoci ne, na ce wayarsa ce ba caji. Sai da na kwana biyu ko uku a barandar masallacin tasha sannan zuciyata ta daina yi masa lauya.

A nan Isufu ya tsince ni. Mutumin Maraɗi ne, gajere mai ƙaton ciki, yana sayar da wani abinci da suke ce wa garba, garin rogo ne turararre da soyayyen kifi da barkono. Ya daɗe yana kallon hulata kafin ya yi magana.

"Malam, wannan hular ba ta nan ba ce. Bakano ne?"

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Bazazzagi ne."

Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Shi ya sa! Da Bakano ne ai shi zai gudu da jakar Alhajin, ya haɗa da tasin." Ya zuba mini abinci a faranti, ya ce in ci tukuna, baƙin cikin ba inda za shi.

Isufu a Ajame yake kwana, amma a Filato yake kasuwa. Ba Filato ta Jos ba. Unguwa ce a tsakiyar Abijan, ruwa ya kusa zagaye ta, nan ne bankuna da ofisoshi da manyan benaye suke. Ya ɗauke ni ina wanke masa faranti. Ranar da na fara shiga na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Gini gilashi ne daga ƙasa har sama, kana tafe kana ganin kanka a bango, ƙazami, da bokiti a hannu. Da safe mutane ke kwararowa ta kan gadoji, kwat da takalma masu ƙara, kowa da waya a kunne, kowa kamar an biyo shi. Da yamma kuma su zurare kamar an ɓula kwano. Kafin isha babu kowa sai masu gadi da jemagu. Jemagun nan dubbai ne a bishiyoyin bakin titi, su ne kaɗai na ga suna zaman unguwar da iyalansu.

Cikin masu cin garba akwai manajan wani bene, Kwasi. Yana neman wanda zai kula masa da tankunan ruwa da injin tura ruwa a can sama, ya riƙa share magudanai, ya sauko da shara kafin ma'aikata su iso. Akwai ɗaki. Da na ji kalmar ɗaki ban tambayi sauran ba. Isufu ne ya yi mana tafinta, don ni Faransancina bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Isufu ya ce, "Ka saurara da kyau. Ya ce a takarda babu wanda yake kwana a ginin nan. Masu gini ba su sani ba, kuma ba ya so su sani. Ranakun hutu ba ka saukowa. Ranar da ɗan sanda ya san da zamanka a sama, ranar ka bar aiki, shi kuma bai taɓa ganinka ba. Ka yarda?"

Mutumin da ba shi da fasfo, ba shi da katin zama, yana da bakin cewa a'a? Na yarda.

Ɗakin yana jikin ɗakin injin lifta. Tabarma ɗaya ce ke shiga, sai buta da risho. Kullum bango yana gurnani. Amma ƙofa gare shi, kuma abin da ake ba ni a wata ya isa in tura wa Ladi, matata, su ci da yara. Wannan ne ya riƙe ni.

Makon farko na yi wauta. Duk wanda na haɗu da shi a matakala ko a baranda sai in tsaya in gaishe shi, har da ɗan rusunawa in babba ne. Haka aka rene ni. Wata mata ta ƙanƙame jakarta ta rabe da bango. Wani ya laluba aljihu ya miƙo mini tsaba. Kwasi ya aiko Isufu ya ce in daina gaishe da mutane, suna zaton bara nake. Na sha zagi a rayuwata, amma wannan ya zauna mini a ƙirji. Daga ranar na koyi tafiya ina kallon ƙasa.

Ranakun aiki da sauƙi, ko ba komai akwai hayaniya. Asabar da Lahadi ne azaba. Ba mai tuwo, ba mai ƙosai, ba shagon da yake buɗe. Isufu kan ƙulla mini abinci ran Juma'a da yamma ya ce, "Ka ja shi a hankali, Bazazzagi, ba biki ba ne." Sai in hau in zauna. Ka leƙa ƙasa, titi fayau kamar an share da tsintsiya. Babu kukan jariri, babu akuya, babu ƙarar turmi, babu muryar mace ta kan katanga tana cewa a miƙo mata rariya. Ko masallacin Juma'ar unguwar, da girmansa da kyansa, ana sallamewa kowa ke zura takalmi ya koma ofis. Ka miƙa hannu a taɓa maka yatsu ana duban agogo.

A irin wannan zaman ne na fara tuna Baba Idi. Maƙwabcinmu ne a Limancin Kona, tsoho mai sanda. In bai gan ka a sallar asuba ba, kafin hantsi ya iso zaurenka yana dukan ƙyaure da sandar nan. "Lawal! Lafiya? Ko an mutu ne ba a gaya mana ba?" Ba ya tafiya sai ya ga fuskarka. Wallahi mutumin nan ya ishe ni a lokacin. Ba ka da ikon makara, ba ka da ikon ɓacin rai a ɓoye. Har na taɓa ce wa Ladi, cikin abin da zan huta da shi in na bar gari akwai sa idon Baba Idi. To ga shi na huta. Ina sama da kowa, ba mai sa mini ido, kuma in na mutu sai dai wari ya sanar.

Ladi kuwa in mun yi waya murna take. Ta gaya wa matan unguwa mijinta a bene yake, yana hango teku. Ban gyara mata ba.

Na yi watanni kafin in lura da mutumin. A tsallaken titi akwai wani bene da bai kai namu tsawo ba kaɗan, a samansa akwai ɗaki irin nawa. Wani dattijo ne ke fitowa da sassafe da gajeren wando, ya zuba wa barkonon da ya shuka a gwangwanaye ruwa, ya yi shanya a igiya, ya zauna a kujerar roba. Nisan ya isa in ga furfurarsa, bai isa in ga fuskarsa ba. Ihu ma ba ya kaiwa, iska da injinan sanyaya ofis suna cinye murya.

Wata safiya na kasa daurewa, na ɗaga hannu na yi masa jinjina irin tamu, dunƙule. Ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. Bai amsa ba. Washegari na sake. Ya ɗaga tafin hannu a buɗe, kamar mai tsayar da mota. Kafin wata ya ƙare shi ma ya koyi dunƙulewa, har yana girgiza ta sama fiye da ni.

Haka muka zauna. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba. Shi yana hango inda hadari ke tasowa kafin ni, sai ya nuna sama ya nuna shanyata, in ruga in kwashe. Da azumi ya zo ya lura ba na cin komai sai rana ta faɗi, sai ya mayar da cin abincinsa lokacin. In ɗaga kofina, ya ɗaga nasa. Ran Lahadi yakan sa wata farar riga mai dogon hannu, ya zauna da ƙaramar rediyo a kunne, wani lokaci ya durƙusa. Na gane Kirista ne. Bai dame ni ba. Malamin da ya koya mini baƙi da wasali a firamare Kirista ne, mutumin Wusasa, kuma har ya mutu yana zuwa mana barka da salla.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ban fito ba sai wajen azahar. Ina fitowa na hango shi tsaye a bakin katanga cikin rana, hannu a ƙugu. Da ya gan ni ya ware hannuwa biyu, ya girgiza kai, yana ta faɗa da bakin da ba na ji. Na nuna kaina, na nuna jikina. Ya yi alamar haɗiyar magani, ya nuna ɗaki, wato in koma in kwanta. Na koma ina dariya ni kaɗai. Na ce, ashe Baba Idi ya biyo ni Abijan.

Sai hutun Ista ya zo. A can babban hutu ne, mutane na tafiya garuruwansu, Filato ta mutu tun yammacin Juma'a. Asabar da safe muka gaisa kamar kullum. Ya yi wanki, ya shanya zanen rufa da wanduna da farar rigar nan. Bayan azahar hadari ya haɗo. Na fito kwashe nawa kayan, na duba, ba ya nan. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa masa shanya sharkaf. Mutumin da bai taɓa bari ɗigo ya taɓa masa tsumma ba. Iska ta kifar da kujerarsa. Na ce ƙila ya sauka, ƙila ya je wajen 'yan uwa, ai sallarsu ce.

Lahadi da safe na fito tun gari bai gama wayewa ba. Kujera na nan a kife. Ƙofar ɗakinsa a buɗe, iska na kai ta tana kawowa. Farar rigar tana nan a igiya. Ita ce ta tsaya mini a rai. Don ranar nan ya wanke ta. Da tafiya ya yi, da ita zai tafi.

Na tsaya na yi lissafin abin da kowa zai yi. In na sauka na tayar da magana, ɗakin nan ya tafi, abincin su Ladi ya tafi, ƙila ni ma a rufe ni. In na zauna, ba wanda zai ce na yi laifi, don ba wanda ya san na gani. Na zagaya tanki na dawo. Na sake duban rigar. Sai na sa takalmi.

Ranar hutu ana kashe lifta, da ƙafa na sauka. A ƙasa Mamman ne ke gadi, Bazabarme mai jin Hausa da Faransanci, yana dafa shayi a ɗan gawayi.

"Ina zuwa, Malam Lawal? Ka manta yau Lahadi?"

"Buɗe mini. Maƙwabcina bai fito ba tun jiya."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane maƙwabci? Jemage?"

Na nuna masa benen, na gaya masa komai, har rigar.

"Ɗan garinku ne?"

"A'a."

"Musulmi ne?"

"A'a."

"Sunansa?"

"Ban sani ba."

Ya ajiye butar shayin. "Malam, kai fa ba yaro ba ne. Ba ka san sunan mutum ba, ba ka taɓa jin muryarsa ba, za ka zubar da abincin 'ya'yanka saboda riga? Nan ba Zariya ba ce. Nan ba wanda yake maƙwabcin wani. Ofis ne."

Na ce, "Mamman, a makarantar allo an ce mana maƙwabtaka gida arba'in ce ta kowane gefe. Na duba arba'in gabas, na duba arba'in yamma, mutum ɗaya na samu. Buɗe."

Ya yi tsaki, ya buɗe. Ya ce shi bai gan ni ba. Ban kai tsakiyar titi ba na ji takunsa a bayana. "Tsaya, dalla. Da wane bakin za ka yi musu magana? Su ɗauka ɓarawo ne su fasa maka kai, a ce a gadina aka yi."

Mai gadin wancan benen saurayi ne cikin kaki, yana bayan ƙofar ƙarfe. Na hutu ne, ba shi ne na kullum ba. Mamman ya yi masa bayani. Ya girgiza kai ya yi magana a taƙaice.

Mamman ya ce, "Ya ce babu wanda yake kwana a ginin nan. Haka aka gaya masa. Kuma ba shi da makullin sama."

Maganar da Kwasi ya yi a kaina ce, kalma da kalma. Ashe shi ma dattijon a takarda ba ya nan.

Na ce a roƙe shi ya kira manajansu. Ya ce ba zai tashi babban mutum ranar Ista saboda wani mahaukaci ba. Ya ce in ba mu bar wajen ba zai kira 'yan sanda.

Na ce, "Ce masa ya kira."

Mamman ya kama hannuna. "Ka haukace? Kai da ko katin rigakafi ba ka da shi?"

Na cire takalmina na fara dukan ƙofar ƙarfen nan da shi. Titi babu kowa, ƙarar ta riƙa dukan gilasai tana dawowa, jemagu suka tashi daga bishiya. Ina duka ina jin kunyar kaina, mutum da furfura a gemu yana dukan ƙofar benen mutane da silifa. Amma ban san wata hanya ba. Abin da na ga ana yi ke nan tun ina yaro, in ƙofa ta ƙi buɗewa a yi ta duka har a ga fuskar mai gida. Saurayin ya ɗauki waya.

'Yan sanda biyu suka zo a mota. Babban cikinsu ya saurari Mamman, ya ɗaga kai ya dubi benen. Daga ƙasa ba a ganin komai sai gilashi. Ya yi tambaya.

Mamman ya juyo a hankali. "Ya ce daga ina kake ganinsa, tunda daga titi ba a gani?"

Na nuna saman namu benen. "Daga can. A can nake kwana."

Mamman bai fassara ba. Ya rage murya. "Malam Lawal, in faɗa?"

"Faɗa."

Ya faɗa.

Muka hau. Matakala ba ta ƙarewa, ƙaramin ɗan sandan yana ta mita. Ƙofar sama a kulle take ta ciki, sai da suka ɓalle ta. Mun same shi a lungu tsakanin tanki da katanga, inda ba na iya hangowa daga wajena. Yana kwance a gefe ɗaya, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Ruwan jiya duk a kansa ya ƙare. Idonsa a rufe, amma ƙirjinsa na motsi. Ya fi yadda nake zato tsufa, kuma ƙarami ne ƙwarai. Na cire rigata ta sama na rufa masa, na jiƙa hannu na shafa masa a leɓe. Ban san me zan ce masa ba, sai na yi ta cewa sannu, sannu.

A can 'yan kwana-kwana ne ke ɗaukar marar lafiya. Suka zo suka ɗaure shi a gado suka sauka da shi. Kafin in bi su na kwashe shanyar, na ninke farar rigar na ɗora masa a kan katifa, na tayar da kujerar. Daga nan na hango ɗakina. Ban taɓa ganinsa daga waje ba. Ɗan akurki ne, da buta a ƙofa.

A ƙasa babban ɗan sandan ya miƙo hannu, ya ce takardu. Ba ni da su. Suka tafi da ni. Ba wanda ya taɓa ni, gaskiya, benci suka nuna mini na zauna har la'asar ta wuce. Mamman ya kira Isufu, Isufu ya zo da wani dattijo daga cikin shugabannin Hausawan Ajame, suka tsaya mini. Aka sake ni da sharaɗin in je ofishin jakadancinmu in nemi takarda. Da za mu fita babban ɗan sandan ya gaya wa Isufu asibitin da aka kai mutumin, ya ce sunansa Andire.

Litinin ma hutu ce, amma Kwasi ya zo. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a bakin ɗakin yana kallona ina naɗe tabarma. Ta bakin Mamman ya ce ai ya gaya mini tun farko. Na ce ya gaya mini. Ya ce shi ma yanzu sai ya san abin da zai ce wa masu gini. Na ce ya yi haƙuri. Ba mugu ba ne, shi ma nasa abincin yake karewa. Ya karɓi makulli.

A ɗakin Isufu na sauka, mu da buhunan garin rogo. Ya ce, "Bazazzagi, kai dai ba ka da sa'ar kaya. Alhaji ya tafi da jaka, riga ta tafi da bene. Gobe ka zo ka ci gaba da wanke faranti kafin mu ga abin da Allah zai yi." Na ce sai dai jibi, gobe ina da dubiya.

Da yamma na kira Ladi na ce mata na sauko daga sama, watan nan sai sun yi haƙuri. Ta tambayi dalili. Na gaya mata. Ta ce, "To da me za ka yi, ka bar shi?" Na ce in ta ga Baba Idi ta ce ina gaishe shi da kyau. Ta ce, "Kai? Baba Idi?" Na ce ta dai gaishe shi.

Washegari da safe na roƙi matar Isufu ta dama mini kunun gyaɗa, na zuba a fulas. Isufu ya koya mini yadda ake cewa maƙwabci da Faransanci, na yi ta maimaitawa a mota don kar ta zube. A ƙofar ɗakin marasa lafiya wata nas ta tare ni. Na ce Andire. Ta tambayi ko ni wane ne nasa, na faɗi kalmar. Ta dubi hulata, ta dubi fulas ɗin, ta matsa.

Gadonsa na can ƙarshe, jikin taga. Idonsa biyu. Na tsaya a kansa na ce sannu da jiki. Ya dube ni kamar yadda mutanen matakala suke dubana, har ya ɗan ja bargo da hannun da ke motsi. Sai na gane. Bai taɓa ganin fuskata ba.

Na ajiye fulas ɗin. Na juya na bi tsakanin gadaje har bakin ƙofa, iyakar nisan da ɗakin ya ba ni. Na gyara hula, na juyo, na ɗaga hannu na dunƙule.

Ya daɗe yana kallo. Sannan hannun nan mai lafiya ya fito daga bargo, ya dunƙule, ya tashi sama.

Na koma na zauna a bakin gadon, na zuba kunu a murfi, na fifita shi ya huce.